An Sare Inuwarki Ranar da Aka Binne Ki, Yaya Zakiya

A ranar Talata, goma sha huɗu ga Shawwal na shekarar 1445, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Zakiya Abdulmajid, wadda mutanen unguwar Ruwais a Jidda suka fi sani da Ummu Nayef, bayan doguwar jinyar ƙoda. Mallakar Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. An sallace ta bayan la'asar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar unguwa. Ta bar ɗa namiji, Nayef, da 'ya mace, Haifa, da jikoki, da mata irina waɗanda ba ta haifa ba amma ta riƙe.

Yaya Zakiya, na jinkirta wannan rubutu ina jiran zuciyata ta huce, domin ban ga dacewar mutum ya zauna ambaton alherin mamaci yana cizon haƙora ba. Na yi alwala, na yi nafila, na roƙi Allah Ya yaye mini abin da nake ji. Bai yaye ba tukuna, kuma Shi Ya san dalili. Saboda haka zan rubuta a yadda nake. Ke ma ba ki taɓa son a yi wa magana kwalliya ba.

Ta bayan katanga na fara saninki. Ina sabuwar zuwa daga Maraɗi, maigidana yana ɗinki a wani shago a Balad, ni kuwa ban san Larabcin kasuwa ba sai na allo. Wata rana na dawo daga cefane da rana tsaka, cikin zafin nan na Jidda mai ɗanshi da yake manne tufa a jiki, sai jiri ya ɗebe ni. Duk tsawon layin babu inuwa sai a gindin katangarki, inda rassan wasu itatuwa suka tsallako waje suka sunkuyo, ɗauke da jajayen furanni masu kama da burushin wanke kwalba. Na zube a nan. Can na ji motsi a sama, na ɗaga kai, sai ga mace a kan tsani da almakashi a hannu tana kallona ta tsakanin ganye.

Kika ce, "Ke 'yar Hausa ce?"

Na ce i.

Kika ce, "To me kike yi a ƙasa kamar buhun gawayi? Yalla, zagayo ta ƙofa. Inuwar waje ta masu wucewa ce."

Na zagayo, kuma shekara ashirin da 'yan kai ban daina zagayowa ba. A Jidda aka haife ki, kakanki ne ya zo aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba, Hausarki rabinta Larabci ce, amma abin da kakarki ta koya miki ba ki zubar da ko ɗaya ba. Da na haihu babu uwa kusa, ke kika dafa mini ruwan wanka safe da yamma, kika je har Ammariyya wurin wata mata 'yar Cadi kika nemo kanwa kika dama mini kunu. Da kafilin maigidana, wanda ya tsaya mana wurin hukuma, ya rasu, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta shiga ruɗani, ina tsoron ko leƙa ƙofa, ke kika riƙa kai yarana makaranta tare da naki kina ɗauko su, ba ki taɓa bari sun gane akwai abin tsoro ba. Harshenki yana da kaifi, ba zan ɓoye ba, ya yanke ni ba sau ɗaya ba. Amma ban taɓa jin an ce kin faɗi wata magana a kaina a bayan idona wadda ba ki riga kin faɗa mini ita a fuska ba.

Itatuwan huɗu ne, a jere a jikin katangar da ta fuskanci titi. Larabawa suna ce musu furshatuz-zujaj, mu a gidanki fursha kawai muke cewa. Da hannunki kika dasa su shekarar da kuka tare a gidan da marigayi mijinki Abu Nayef. Wanda bai sani ba zai ɗauka karkatar da suka yi zuwa waje halittarsu ce, alhali aikinki ne. Kowace shekara, idan fure ya bushe ya bar ƙananan ƙwallaye a jikin reshe kamar 'ya'yan carbi, sai ki fito da tsani. Ta ɓangaren gida kina rage su sosai. Ta ɓangaren titi kuwa a hankali kike bin su, ki cire abin da ya sauko har zai doki kan mai wucewa, ki bar wanda ya miƙe. Da haka, shekara bayan shekara, kika tura inuwar ta ƙetare katanga. Tsakar gidanki tana shan rana fiye da rabin yini, titi kuma yana da rumfa. Na taɓa tambayarki wace irin dabara ce mutum ya shayar da itace wani ya sha inuwa. Kika ce, "Ni ina da mukayyif yana hura mini sanyi a ɗaki. Mai shara fa, me yake hura masa?"

A gindin katangar nan masu sharar titi suke ajiye tsintsiya su ci abincin rana. A nan matanmu masu tallar gyaɗa suke sauke kaya su miƙe ƙafa. Direbobi masu jiran yara su tashi daga makaranta a nan suke tsayawa. Kullum akwai kular ruwan sanyi da kofi ɗaure da igiya a kan wani dutse. Idan fure ya buɗe, ƙudan zuma da ƙananan tsuntsaye suna yini a kai. Ni da ke mun karanta tare, a zaman karatun mata na masallacin unguwa, cewa abin da Musulmi ya dasa, duk wanda ya amfana da shi, mutum ne ko tsuntsu, sadaka ce ake rubuta masa. Da muka dawo gida dai kika ƙara musu ruwa.

Sai ciwo ya zo. Da aka fara kai ki wankin ƙoda, hawan tsani ya gagare ki, itatuwan suka samu sake. Rassa suka sarƙe suna gugar juna, cikinsu ya cika da busassun ƙirare, toho ya fito birjik daga gindi, wasu rassan suka rufe tagar ɗakinki, na waje suka sauko har sai mai wucewa ya duƙa. Maƙwabci ya fara ƙorafin fure yana zubo masa a mota. Nayef ya ce zai kawo ma'aikata su gyara. Kika ce, "Su yi musu askin kwalkwabo? La, ya waladi. Ina da Rakiya."

Haka na zama mai hawa tsani da furfurata. Bara, bayan fure ya bushe, aka fito miki da kujera tsakar gida, kika zauna da sandarki kina nuni. Kika ce a fara da matattun rassa, domin ba a shawara da su. Sa'an nan waɗanda suka gicciye, a duba biyun a bar mai ƙarfi. Sa'an nan tohon gindi. Sauran kuma a datse su daidai bayan busasshen fure, sama da ganye, kada a bar guntu tsirara. Ina sama gumi yana shiga idona, ƙamshin ganyen da na murƙushe yana tashi kamar na man zafi, ke kina ƙasa kina faɗa.

"Ba wannan ba, Rakiya, na bayansa. Sauko ki ja da baya ki duba. Wallahi da a kan mutum kike wannan aski da tuni kin cire masa kunne."

Da na yi zaton aiki ya fara kyau, hannuna ya saba, sai kika ce in tsaya. Na ce, "Yaya, ai ko rabi ba mu yi ba." Kika ce ba a ɗaukar wa itace fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekara. Kika ce ba a yini ɗaya suka yi wannan cunkoso ba, ba kuma a yini ɗaya za a raba su da shi ba, kuma duk wanda ya tone tsohon ɓawo ya bar shi a fili gab da zafin Jidda, ya miƙa shi ga wuta. Muka ajiye sauran sai bana. Cikin azumin nan suka yi furen da ban taɓa ganin irinsa ba, katanga ta yi ja wur. Kika dube su ta taga kika ce, "Bari su gama abinsu. Bayan Sallah sai ki kawo almakashi." Na wasa almakashin, na shafa masa mai. Furen yana gab da ƙarewa kika rasu.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni hucewa.

Ina cikin matan da suka yi miki wanka. Ni da Haifa muka sa ki a likkafani, muka bar ki a hannun maza, muka kamo hanyar gida bayan azahar. Tun daga bakin layi na ji kukan zarto mai inji. A ƙofar gidanki akwai motar ɗaukar kaya, an lafta mata rassa, jajayen furanni suna reto a gefenta, wasu tayoyi sun tattake su a kan kwalta. Na shiga. Itatuwa uku sun zama kututture, tsayinsu bai wuce ƙuguna ba. Mutum biyu suna jan tulin kujeru, wani yana ɗaura igiyar ƙwayayen lantarki a kan katangar da ta zama tsirara, mai zarto kuma ya nufi ta huɗu, wadda take kusa da tagarki.

Ni mace ce da ba ta ɗaga murya a gaban maza. Ban ɗaga ba. Na je na tsaya a jikin itacen, na jingina bayana da shi. Mai zarton ya kashe injinsa, ya ce, "Hajiya, mu umarni aka ba mu." Gaskiya ya faɗa, ba ni da magana da shi. Aka kira Nayef, ya zo da sauri, idanunsa sun kumbura.

Na ce, "Nayef, ba a kai mahaifiyarka kabari ba tukuna."

Ya ce, "Ya khala, shajar ne kawai, itace ne. Bayan magariba mutane za su cika nan, fen za su zauna? A kan rassa? Aibu ne a zo aza, makokin ummi, a ga tsakar gida kamar daji."

Na ce, "Ga titi nan. Rabin mutanen Jidda a titi suke jera kujerun makoki."

Ya ce, "Manyan wurin aikina za su zo, khala. Ba zan ajiye su a titi ba."

Lokacin salla ya matso, aka ja shi zuwa masallaci, ya yi wa ma'aikatan nuni da hannu su bar ta huɗun. Abin da ya tsirar da ita ke nan. Ba hujjata ba ce ta yi aiki, lokaci ne ya ƙure.

Kwana uku ana zaman aza kamar yadda aka saba a garin nan, daga magariba zuwa isha. Fitilu sun haske tsakar gida kamar ana ɗaurin aure. An lulluɓe kututturan da jajayen dardumai an ɗora musu tiren dabino da butocin gahawa. Maza suka yi sahu suna shiga suna fita a kan wurin da kike zama da sandarki. A ɓangaren mata na ga fuskokin da ban gani ba ko sau ɗaya tun da kika kwanta. Wata daga cikinsu ta leƙa ta taga, ta ce, "Masha Allah, gida ya yi haske, yanzu ya sha iska. Da ma an daɗe da yin haka." Ina riƙe da carbi. Na matse shi har ya yi mini shaida a tafin hannu, ban ce mata komai ba, kuma har yanzu ban tabbata shirun nan haƙuri ne ko rauni ba.

Wace irin al'ada ce wannan da muka ɗora wa kanmu, har ta sa ɗa ya datse sadakar mahaifiyarsa a yinin da ta fi kowane yini bukatarta? An rufe littafin aikinki da hantsi, abin da ya rage yana gudana kaɗan ne, kuma inuwar nan tana cikinsa. Kafin la'asar an yanke kashi uku cikin huɗu nata, don a samu wurin kujerun mutanen da za su zauna ɗan lokaci su sha gahawa su duba wayoyinsu su tafi. Ba Allah ne Ya ce a yi fitilu ba. Ba Shi Ya ce a ƙirga darajar mamaci da yawan kujeru ba. Mu muka ƙaga, muka mai da shi wajibi, har muna jin kunyar mutane fiye da yadda muke jin tausayin wanda yake kwance shi kaɗai ana tambayarsa. Da aka kwashe kujerun, na bi ta layin da azahar. Na ga mai shara yana cin abincinsa a tsugune a ɗan abin da ya rage na inuwa, wata mai gyaɗa tana tsaye a rana tana jiran ya tashi.

Na tuhumi kaina, Yaya, ba sau ɗaya ba. Na ce, Rakiya, wannan fushi don Allah ne, ko don gumin da kika zubar a kan tsani? Na duba da kyau, na tarar akwai rabon raina a ciki, kuma ina neman gafarar Allah a kansa. Na ce ko baƙin cikin rashinki ne ya rasa inda zai sauka, tunda ba a yi wa hukuncin Allah fushi, sai ya sauka a kan yaro maraya? Wannan ma akwai shi. Amma bayan na cire waɗannan biyun na ajiye gefe, sai na ga sauran fushin yana nan, bai ragu da yawa ba. Na kuma tambayi kaina ko ambaton sunan Nayef a nan cin namansa ne. Shi ya sa babu kalma ɗaya a rubutun nan da ban faɗa masa a fuska ba, na kuma gaya masa zan rubuta, ya ce in rubuta abin da na ga dama.

Adalci ya wajaba a kaina ko ina fushi. Nayef ba ɗan banza ba ne. Shi ya riƙa ɗaukarki a hannu daga mota zuwa gadon asibiti duk tsawon jinyar nan, bai taɓa wakilta direba ba. Na sha ganinsa yana yanke miki farce. Abin da ya yi ranar Talatar nan, a ganinsa girmama ki yake yi. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Yaron da ya san awon maganinki da abin da aka hana ki ci, ya tashi a gidan nan ya girma, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa itatuwan gidansu suka ba gida baya suka fuskanci titi ba.

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye. Amma Haifa ta gaya mini ya yi magana da masu aiki su zo ranar Asabar mai zuwa su tumɓuke kututturan uku da ta huɗun, a shimfiɗa tayil, a kafa rumfar mota. Kututturan nan ba su mutu ba. Na kankare ɓawon kowanne da farce, na tarar da kore a ƙasa. Da izinin Haifa na naɗe su da jiƙaƙƙen buhu saboda rana, ina zuwa bayan asuba ina ba su ruwa. Fursha itace ne mai taurin rai, idan aka tsare shi daga zafin bana yana iya yin toho, kodayake kafin inuwarsa ta sake ƙetare katanga za a daɗe, wataƙila ba zan gani ba. Na gaya wa Nayef haka.

Ya ce, "Khala, halas, ummi ta tafi. In an bar su za su sake zama daji. Wa zai riƙa hawa tsani? Ke?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "In kuma kin faɗo, in ce wa 'ya'yanki me?"

Na ce, "Ka ce musu ba ka riƙe mini tsanin ba."

Ya kawar da kai. Bai ce ya fasa ba, bai kuma ce bai fasa ba. Na san matsayina. Gida nasa ne da Haifa, gado ne da Allah Ya raba, ba ni da ko taku ɗaya a cikinsa. In ya tumɓuke su bai ci haƙƙina ba. Naki nake jin tsoron ya ci, shi kuma ya zo ya gane bayan tayil ya bushe.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Zakiya 'yar Abdulmajid, Ka yi mata rahama, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubanta. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka tabbatar da harshenta wurin tambaya. Ka yafe mata kaifin bakinta, ni dai na yafe nawa rabon. Duk wanda ya taɓa hutawa a gindin katangarta, Ka sanya hutunsa a mizaninta, kuma Ka sa ta a inuwarKa ranar da rana za ta sauko kusa da kawunan mutane. Ka haɗa ta da mijinta da iyayenta a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Haifa, wadda ta tsaya tare da ni a ɗakin wanka ba ta karaya ba, da jikokin marigayiya, da danginta na Ruwais da na Makka, da matan zaman karatunmu. Allah Ya girmama ladanku, Ya ba mu haƙurin rashinta.

Kai kuma Nayef, ɗana, ta'aziyyarka ta fi ta kowa nauyi a bakina, kuma da zuciya ɗaya nake yi maka ita. Allah Ya saka maka da abin da ka yi wa mahaifiyarka tana raye, Ya nuna maka abin da ya rage ka yi mata yanzu. Furen ta huɗun ya gama bushewa, lokacin askinta ya yi. Ranar Asabar, in Allah Ya kai mu, zan zo da sassafe da almakashina, zan cire mata kashi ɗaya cikin uku kamar yadda aka koya mini. Masu aikinka za su tarar da ni a kan tsani. In ka ga za ka iya, ka zo da kanka ka ce mini in sauko.

Rakiya Nomau
Ruwais, Jidda